Harshen Rabilu da Goron Suna

Rabilu mutumin Gumel ne, kuma in ban da harshensa babu abin da Allah ya yi masa na a zo a gani. Gajere ne, ga ƙaton kai, ga tafiya kamar wanda aka aika ya manta saƙon. Amma harshen nan, a bar shi kawai. Uwarsa mai ba da magani ce. Tun yana tatata take ɗura masa jiƙon maɗaci da na darbejiya, ta sa shi ɗanɗana mata shuwaka ya faɗa ko ta wanku. 'Ya'yan mutane na ihu in sun ga ƙoƙon magani, shi kuwa sai ya lashe leɓe ya ce na jiya ya fi.

Shekararsa goma sha ɗaya a Riyad. Ya yi leburanci, ya yi tuƙi, har wani Balarabe da ake kira Abu Mish'al ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a takardun zama, ya kai shi wankin tukwane a 'yar masana'antarsa. Abin da ake dafawa a wurin ruwan sha'ir ne, wanda Larabawa ke ce wa bira, amma marar maye. Da yana bugarwa ai da tuni an garƙame wurin har da mai shi. Duk da haka sai da Rabilu ya tambayi limamin masallacinsu na unguwar Suwaidi har sau biyu kafin ya yarda ya taɓa tukunyar.

Shi Abu Mish'al ya yi karatu a waje, ya dawo da wata jaraba: dole sai abin sha ya yi ɗaci. Yakan sayo wani busasshen fure kore mai suna junjul, mai ƙanshin ɓawon lemo da ɗanyar ciyawa, ya antaya a tukunya. Ranar da ya fara dafa mai ƙarfin, duk ma'aikacin da ya kurɓa sai ya tofar yana salati. Aka miƙa wa Rabilu don a samu abin dariya. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya haɗiye, ya yi wa mai gidan magana da Larabcinsa na kasuwa.

"Ɗaci biyu ne a nan, ya mudir. Na gaban mai kyau ne, yana gaisawa ya wuce. Na bayan nan da ke liƙe a maƙogwaro, wuta ce ta yi masa yawa."

Aka bincika, ashe kuwa an bar shi a wuta ya zarce lokaci. Daga ranar Rabilu ya ajiye soso, ya zama mai ɗanɗano. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa: daga asuba har ya ɗanɗana tukunyar ranar, ruwa kaɗai zai shiga bakinsa. Shekara biyu yana kiyayewa.

To, akwai wani dattijo, Alhaji Nafiou mutumin Maraɗi, mai sayar da turare da carbi a kasuwar Dira. Shi ya sauki Rabilu a ɗakinsa lokacin da ya zo bai san ko gabas ba. Wata Talata da safe Rabilu na fitowa sai ga Alhaji a bakin ƙofa, jiya-jiya ya dawo daga gida.

"Kai, ɗan ƙaton kai, tsaya. 'Yata Aïchatou ta haihu, namiji. Ka san sunan da na sa aka raɗa masa?"

"Sai ka faɗa, Baba."

"Rabilu. Allah ya sa dai kada ya ɗauko tsawonka."

Ya kwance ƙunshi, ya zaro farin goro sabo, ya ɓara, ya miƙa masa. Bai kuma tafi ba, ya tsaya yana kallon bakinsa. Goron suna, na takwararka, daga hannun wanda ya ba ka wurin kwana, ka ce masa me? Ka ce Balarabe ya hana? Rabilu ya gatsa, ya tauna, ya yi addu'a, ya jefa ragowar a aljihu.

Duk wanda ya taɓa cin goro ya san in ka kora da ruwa zaƙi za ka ji. Rabilu ma ya sani, murna ce ta ɗauke masa hankali. Ranar kuwa babbar tukunya aka ɗora, ta wani gidan abinci da za a buɗe ƙarshen mako. Iƙamarsa kuma, takardar zama a ƙasar, saura sati uku ta ƙare, sabuntawa na hannun kafili.

Mukhtari, wani mutumin Sudan mai kula da wuta, ya ɗebo masa a kofi ya huce. Rabilu ya kurɓa ya yatsina fuska.

"Wannan ai shayin baƙi ne, zaƙi zalla. A ƙara junjul."

Aka ƙara. Ya sake kurɓa, ya ce a ƙara. Mukhtari ya dube shi, amma wa zai yi musu da harshen Rabilu?

Sai bayan azahar, ya kurkure baki wajen alwala, goro ya sake shi, ya bi ta gefen tukunyar ya ɗan lasa. Kamar an mare shi ta ciki. Ya sa hannu a aljihu ya taɓo ɓarin goro, ya gane.

Babu wanda ya ga goron nan. Da ya yi shiru, a kan Mukhtari abin zai faɗa, a ce wuta ce. Rabilu ya wuce kai tsaye ofishin mai gida da kofin a hannu.

"Sha, ya mudir."

Abu Mish'al ya kurɓa, idonsa ya kawo ruwa. "Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Kai? Khalas! Ka haɗa kayanka, ba iƙama, ba komai!"

Rabilu bai motsa ba. Ya ajiye ɓarin goron a kan tebur. "Tauna wannan, ka kora da ruwa. In ka gama sai ka kore ni."

Mutum mai son ɗaci ba ya ƙin gwaji. Ya tauna yana ɓata rai, ya kurɓi ruwa, sai ya tsaya yana duba gorar ko an sa mata sukari.

"Ka ji abin da na ji da safe," in ji Rabilu. "Laifina ne, amma harshen yana nan. A dafa mini wata tukunyar babu junjul ko ƙwaya. Kwana biyu, in bai fi na kullum ba, ni zan kai kaina filin jirgi."

Aka dafa. Rabilu ya zauna tsakanin tukwane biyu da ludayi, yana sirkawa kamar mai dama kunun jego, ya kurɓa, ya kurkure, ya jira, ya sake. Ko shayi bai sha ba. Ran Alhamis ya miƙa kofi. Ƙanshin lemo ya fara isa hanci, ɗacin ya zo da ƙarfinsa ya cika baki, sannan ya janye ya bar ɗan garɗin sha'ir. Abu Mish'al ya shanye tas, ya miƙo kofin a ƙara masa.

Mako na zagayowa iƙama ta fito. Sai dai yanzu kullum da safe mai gida na tsaye a ƙofa, ya ce, "Buɗe baki, ya Rabilu," ya leƙa kamar mai sayen ragon layya.

Alhaji Nafiou kuwa da ya ji labari sai da ya yi dariya har carbi ya faɗi. Har gobe yana ba shi goro, Rabilu ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihu.

"Sai yaushe, bawan Balarabe?"

"Sai bayan la'asar, Baba. Da safe bakin nan yana wurin aiki."