Kwalbar Ɓaure a Firijin Doña Zoila

Duk wanda ya taɓa goya jaka ya bi garuruwan bakin tekun Ecuador, daga Montañita har Mompiche, ya san Ofelia Brizuela, in ma bai san ta ba to ya sha faɗanta. Mutuniyar Rosario ce ta ƙasar Ajantina, doguwa, rana ta gasa ta har ta gaji. Da can a shagon takalma take aiki. Da aurenta ya mutu sai ta ce za ta je ta ɗan sha iska ta dawo. Ƙanwarta da ta raka ta tasha yanzu har ta aurar da 'ya, ita kuwa Ofelia ba ta gama shan iskar ba.

Zamanta irin na yawancinmu masu yawo da jaka ne. Ta sauka a masaukin matafiya, ta yi shara da wankin banɗaki da safe, a ba ta gado a ɗakin da ake jibge mutum goma. Da yamma ta shimfiɗa ƙyalle a kan rairayi ta sayar da abin hannu na zare da duwatsu. In gari ya ishe ta, ko wani ya fara sabawa da ita fiye da kima, sai ta ɗaure jaka ta hau bas ta yi arewa. Ba ta taɓa juyawa don wani abu da ta baro ba, tawul ne ko mutum. Tana alfahari da hakan, kuma ba ta ɓoyewa.

Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi, firiji. A masauki mutum talatin ne kan firiji ɗaya, shi ya sa dokarsa ta girme mu duka: ka manna salatif a kayanka, ka rubuta sunanka da ranar tafiyarka. Ran Litinin ake kwashe shi. Abin da ba shi da suna sai a ɗora shi a kan kantar kowa, mai so ya ɗauka. Ofelia ta ɗauki wannan doka kamar ita ta haife ta, har samari suka sa mata suna Goggo Kwastan. Amma su ɗin ne dai ke layi da faranti, don daga tarkacen kantar nan take haɗa girkin Litinin, kuma hannunta akwai daɗi.

A Puerto López, a masaukin Doña Zoila, ta haɗu da Don Anselmo. Tsoho ne ya haura saba'in, mutumin San Juan ta can Ajantina, ya ƙare ƙarfinsa a rabon wasiƙu. Jakarsa sabuwa fil, rigarsa a goge, ga rufaffen takalmi a cikin rairayi. Kallo ɗaya za ka san bai taɓa kwana a ɗaki da baƙi ba. Ofelia ta kori wani saurayi daga gadon ƙasa ta ba shi, sannan ta ja shi kicin.

"Don Anselmo, ga salatif, ga alƙalami. Suna da ranar tafiya. Duk abin da ba suna, na gwamnati ne."

"Wace gwamnati kuma, 'yar nan?"

"Ga ta tsaye a gabanka."

Ya yi dariya har da tari. Ya zauna ya rubuta sunansa a kwalin ƙwai da ledar cuku, da rubutu mai kyau irin na mutanen da. Tsohon ya kwanta mata a rai, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Ran Litinin ya bi masu kwalekwale zuwa tsibiri kallon tsuntsaye. Ofelia ta ɗaura kallabi ta buɗe firiji. Can ƙurya, bayan wani ruɓaɓɓen kabeji, ta zaƙulo wata 'yar kwalba. Ɓaure ne aka dafa da sukari har ya koma kamar zuma, irin na shafa wa burodi, saura kaɗan a gindi. Ba salatif, ba suna, ba rana. Sai wata farar takarda da aka manna mata, da rubutun hannu a karkace: "Cokali ɗaya, sarkin kwaɗayi."

"Doña!" Ta ɗaga kwalbar tana dariya. "Ji wani sarkin kwaɗayi ya gudu ya bar sarautarsa."

"Ta wa ce?" in ji Doña Zoila daga tsakar gida.

"Tawa ce yanzu."

Akwai ragowar fulawa a kanta, da madarar wani da ya tafi. Ta soya fanke masu faɗi, ta kwashe zumar ɓauren tas ta shafa musu. Kwalbar kuma ta burge ta, murfinta na kamawa gam, ga ledar duwatsunta ta yage. Ta jiƙa ta a ruwan zafi, ta bi ta da soso da sabulu. Takardar ta yi laushi ta narke ta bi rariya. Ɗan guntun da ya ƙi fita, da farcen babban yatsanta ta kankare shi. Ta zuba duwatsunta ciki ta jefa a jaka.

Da la'asar sakaliya aka jeru a dogon teburi ana hayaniya. Don Anselmo ya dawo fuska ta yi ja, yana ta ba da labarin wasu tsuntsaye masu shuɗin ƙafa. Ofelia da hannunta ta miƙa masa faranti, ta zaɓar masa wanda ya fi zuma. Ya kai loma ɗaya.

"Kanumfari," ya ce a hankali. "Da ɓawon lemun tsami. Haka Herminia take yi." Ya yi murmushi, ya dubi Ofelia. "'Yar nan, a ina kika koyi..."

Bai ƙarasa ba. Ya ajiye cokali ya tashi ya nufi firiji. Aka ji yana ture kwanonin mutane. Ya daɗe a durƙushe a wurin, ƙofar a buɗe, ba wanda ya iya ce masa ya rufe.

Da ya dawo ya zauna, shi ne ya faɗa mana. Herminia matarsa ce. Shekara da shekaru suna cewa in ya yi ritaya za su zo su ga teku mai ɗumi, gari bayan gari. Ta rasu kafin su zo. Wannan ce kwalbar ƙarshe da ta dafa daga ɓauren tsakar gidansu, kuma saboda sukarin da ke damunsa ta rubuta masa abin da ta rubuta. Kowane gari ya sauka, yakan je bakin ruwa da safe ya sha cokali ɗaya. Ya lissafa za ta kai shi Mompiche.

"Na so in sa suna," ya ce. "Na yanko salatif ɗin ma. To a ina zan manna? Sai a kan rubutunta."

Wata yarinya ta ture farantinta tana hawaye.

"A'a, ci abinki," in ji tsohon. "Abinci ne, don a ci ta yi shi. Da tana nan da ta ƙara muku. Ni kwalbar kawai nake so, da takardar. Ina take, 'yar nan?"

Jakar Ofelia na rataye a bayan kujerarta. Tana jin nauyin kwalbar a ƙugunta. Cewa ta bi doka abu ne mai sauƙi, kowa a teburin nan zai tsaya mata. Amma ta buɗe baki ta ce ta kankare rubutun matar da farce don ta sami mazubin duwatsu, wannan ne ya gagare ta.

"Na jefa ta a shara," ta ce.

Motar shara kuwa tun da rana ta wuce.

Washegari Don Anselmo ya sa rufaffen takalminsa, ya ari sandar tsintsiya, ya hau babur mai ƙafa uku zuwa jujin bayan gari. Doña Zoila ta yi faɗa har muryarta ta dushe.

"Don Anselmo, kana da hankali kuwa? Sharar gari guda! Ungulaye za su ɗauka kai ma kawo ka aka yi."

"Leda baƙa ce ko koriya, Doña?"

"Wayyo ni. Baƙa."

Ya dawo da yamma wari ya riga shi shigowa, kwalba ta yanke shi a hannu, ya ɗaure da hankici. Ya ce ya gano ɓangaren da ake zubar da ta unguwar nan, gobe zai fara daga can. Har ya gode wa Ofelia don ta ɗebo masa ruwan wanka. Wannan godiyar ce ta kore ta. Da gari ya waye ta ɗaure jaka, ta bar wa Doña Zoila sallahu a bakin mai gadi, ta hau bas ɗin arewa.

Ta sha barin garuruwa, kuma kullum da motar ta hau titi sai ta ji wasai. Wannan karon duk ramin da bas ya faɗa, duwatsu sai sun yi ƙara a cikin kwalbar. Ta naɗe ta a riga. Ta tura ta can ƙasan jaka. A tashar Manta ta tsaya gaban kwandon shara da ita a hannu, ta kasa saki. Ta yi ta gaya wa kanta gaskiyar da take da ita: ta ba shi salatif, ta faɗa masa doka, ba suna ba rana. Duk gaskiya ne, kuma bai rage mata komai ba.

Ta sami aiki a wani masauki a Canoa. Ran Litinin aka ce ta kwashe firiji, ta ce bayanta na ciwo. Ita da ake tsoro, sai ga ta tana kewaye kicin kamar wadda aka hana shiga.

Abin da ta manta shi ne, a hanyar nan labari ma jaka yake goyawa. Kowa arewa yake yi, kuma kowa da abin da zai ba da a teburi. Bayan kamar mako biyu wasu samari suka sauka daga Puerto López. Tana yanka albasa ta ji ɗaya yana ba da labari.

"Wallahi akwai wani tsoho a wurin Doña Zoila, kullum da safe sai ya goge riga ya tafi juji. Kwalba yake nema! Masu tonon gwangwani har sun saba da shi, suna tara masa kwalabe ya zo ya duba."

"Kai, ƙarya kake!"

"Na rantse. Ya fasa tafiyarsa gaba ɗaya. Hannun nan ya kumbura kamar burodi, an kai shi an yi masa allura, washegari ya koma. Wai wata mayyar firiji ce ta jefar masa."

Aka kwashe da dariya. Ofelia ta ajiye wuƙa. Ita ta ɗauka zai nema kwana biyu ya haƙura, kamar yadda ita take haƙura da komai. Ashe akwai mutanen da ba sa bari. Tsohon yana can yana tonon abin da babu shi a duniya, kuma ita kaɗai ta san babu shi. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko ranar da aurenta ya mutu.

Da safe ta tsallaka titi ta tsaya a ɓangaren motocin kudu. Yaron motar da ya san ta ya leƙo.

"Goggo Kwastan, kin ɓata ne? Arewa can take."

"Buɗe min ƙofa, sarkin surutu."

Ta iso da rana tsaka. Doña Zoila ta dube ta sama da ƙasa, ba ta amsa gaisuwarta ba, ta dai nuna mata kicin da haɓa. Tsohon bai dawo ba tukuna. Ofelia ta buɗe firiji don neman ruwan sanyi, sai ta tsaya. Rabin lemun tsami, an naɗe shi da salatif: Anselmo. Ƙwai guda ɗaya: Anselmo. Guntun burodi, ragowar shinkafa a kofi, duk Anselmo, da manyan baƙaƙe. Wurin ranar tafiya kuwa bai rubuta komai ba.

Ya shigo yana jan ƙafa, ya rame, hannu a naɗe da bandeji. Da ya gan ta fuskarsa ta washe.

"'Yar nan! Kin dawo? An ce ke ba kya dawowa."

Ta ciro kwalbar daga cikin rigar da ta naɗe ta, ta juye duwatsun a kan teburi, suka gangara ko'ina. Ta ajiye ta a gabansa.

"Ba ta taɓa zuwa juji ba, Don Anselmo. Tana jakata tun ranar. Ni na cire takardar. Na jiƙa ta, na kankare. Ƙarya na yi maka."

Ya jawo kujera ya zauna. Ya ɗauki kwalbar da lafiyayyen hannunsa, ya juya ta, ya sake juyawa, yana shafa inda takardar take da yatsa. Ofelia ta tsaya tana jira ya zage ta. Da ya yi, da ta ji sauƙi.

Ya maƙale kwalbar a hammata ya murɗe murfin da ƙyar. Ya kai ta hancinsa, ya rufe ido, ya shaƙa, ya ƙara shaƙa. Ya daɗe a haka kafin ya buɗe ido ya mayar da murfin.

"Sabulu," ya ce. "Kin wanke ta tas, 'yar nan."