Mai Rawani a Bakin Ɗakin 'Yan Kwamfuta

Duk Asabar ina toya ƙosai bakin ɗakin da samarin Tawa ke haɗuwa suna ƙera abin kwamfuta. Wai aikin na kowa ne, kowa ya zo ya sa hannu. To, ga kowa ya zo.

Magidanci ne mai shuɗin rawani, motar ƙauyen Takanamat ta sauke shi. Ya naɗe kwamfutarshi cikin zane, ya rungume ta kamar jinjiri. Ina jin shi kaɗai ya koya wa kanshi, yau ya zo neman 'yan'uwa. Ya tuɓe takalmi, ya yi sallama. Shiru, kowa ya toshe kunne da igiyar jin kiɗa. Ya sake. Wani mai tabarau ya watso mishi Faransanci, ko kai bai ɗaga ba.

Na tambayi mai rawani, "Mi ya ce, ɗana?"

"Wai in karanta bayanin aikin tukun, Inna."

"To shiga mana!"

"Ba a amsa mini sallama ba."

Ga shi nan tsaye, ba shiga, ba komawa. Na ɗaga murya don na ciki su ji kunya: "Wa alaikumus salam!"

Ya yi murmushi, amma bai gusa ba. Ɗakin ba nawa ba ne.