Takardar da na cike wa mahaifiyata

Shekarun baya can, wajen ƙarshen shekarun saba'in, ina malamin asibiti a Gumel, wani likita daga jami'a ya riƙa kawo mana wasu takardu. Duk mai ciwon daji sai mu cike masa guda: yaushe ƙullutun ya fito, ina ya fara, ina yake jin ciwo yanzu. Ya ce a can ana huda kati da amsoshin, a zura wa wata na'ura wai ita kwamfuta, ta lissafa hanyar da cutar ke bi a jiki, daga nono zuwa hammata, daga nan zuwa ƙashi ko huhu. Ni da ko hotonta ban taɓa gani ba, na fi kowa yi mata talla. A majalisa in na fara bayani sai ka rantse ni na ƙera ta.

Kwatsam abin ya zo gidanmu. Aka aiko daga Ɗanzomo cewa mahaifiyata na da ƙullutu a nono, an yi na gargajiya har an gaji. Na ɗauki takarda na tafi.

To, ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, balle mu zauna hira. Ni ne yau zan dube ta in tambayi nononta? Haba! Sai na tsuguna a bakin ƙofa, ƙanwarta tana kai tambaya tana kawo amsa.

"Inna, a tambaye ta, bayanta yana ciwo?"

Ta shiga ta fito. "Ta ce da sauƙi."

"Tari fa?"

"Ta ce alhamdulillahi."

Na rubuta babu, babu. Wallahi na san abin da "da sauƙi" ke nufi a bakin mutanenmu, kullum ina jin ta daga waɗanda ake kawo mana ranga-ranga. Amma abin da nake so in ji ke nan, ban ƙara tambaya ba.

Bayan wata biyu likita ya dawo da sakamako. Ya ce, "Bisa lissafi, irin nata da wuya ya wuce hammata. A kawo ta birni, aiki zai iya cetonta."

Ita ba ta so. Ta ce wa ƙanwarta a bar ta a ɗakinta, in mutuwa ce ta same ta cikin danginta. Ni na kafe, na ce inji ne ya faɗa, inji kuwa ba ya ƙarya. Muka ɗora ta a babbar motar da ta taso daga kasuwar Maigatari, ta sha gargada wuni guda.

A asibitin birni likitan da ya karɓe mu ya duba takardarta, ya danna ƙashin bayanta sau ɗaya, ta ƙwalla ƙara. Ya ja ni waje. "Malam, wannan ya daɗe da shiga ƙashi. Wa ya cike takardar nan?"

Na ce ni ne. Bai yi faɗa ba, ya ce, "Abin da ka ba na'ura shi ta lissafa."

Ba a yi aikin ba, jikinta kuma ya ƙi ɗaukar hanyar komawa. Rana ta takwas, fuskarta na kallon bango, ta yi mini magana ba tare da ɗan aike ba.

"Kai, yaushe za a mai da ni gida?"

Na ce gobe. A can birnin aka binne ta.

Yanzu jikokina kan nuna mini a waya yadda kwamfuta ke zana tafiyar cutar nan a jiki. Nakan ce madalla, Allah ya sa a dace. Na gaji da neman wanda zan ɗora wa laifi, don kullum kaina nake dawowa. Na taɓa komawa maƙabartar nan bayan wasu shekaru, na yi ta zagaye har la'asar, ban gane kabarinta ba. Sai na tsaya a tsakiya na yi wa kowa addu'a.