Lahadin Da Inna Ta Ci Shinkafa A Bakin Tasha

Ranar wata Lahadi ce cikin bazarar 1985, bayan azahar, rana tana dukan ƙasa har mutum na jin zafin rairayi ta cikin takalmin roba, Innata ta ɗaga labulen rumfar Tanti Afi da ke bakin tasha, ta yi sallama ta shiga. Ina biye da ita, riƙe da gefen zanenta, duk da na wuce shekarun haka. Direbobi da 'yan dako ne cike da rumfar, kowa da kwanonsa na shinkafa, rediyo na rataye jikin gungume yana ta kiɗan soja. Da suka ga matar aure da mayafinta na zuwa biki ta nemi gefen banci ta zauna, sai cokula suka tsaya. Wani tsohon direba da ya san Babana ya ɗauki kwanonsa ya koma waje. Inna ba ta dubi kowa ba. Ta ce wa Tanti Afi, 'yar Togon da ke da rumfar, "A zuba mana shinkafa da miya a kwano guda, na mutum uku." Ta ukun tana tsaye bakin labule, ta ƙi shigowa. Sunanta Tanalher, kuma dominta muka zo.

Wanda bai san gidanmu ba, ba zai ga abin mamaki a nan ba. Mu 'yan tsohuwar unguwa ne, gidanmu na jar ƙasa, daga soronsa ana hango hasumiyar babban masallaci. Babana direba ne a Arlit, sai ya daɗe bai zo ba, Inna ce ke riƙe da gidan, kuma dokarta ta farko ita ce ba a ci a waje. Ko gyaɗa na sayo a hanya, sai na ƙulle ta a bakin kallabi har na shigo zaure. "Ɗiyar gida ba ta tauna a gaban maza," haka take faɗa kullum, in ta ga bakina na motsi ina shigowa. Ita kanta ban taɓa ganin ta sha ko ruwa a kasuwa ba. Da asuba muke tashi mu kai garewani layin pampo, mu dawo mu share tsakar gida, mu ba awakinmu biyu ɗan abin da ya samu, sannan in wanke ƙafa in ɗauki allona na lakwal, wato makarantar boko. Da marece kuma ga daka, ga wanke-wanke, in an gama mu baje a ƙofar ɗaki da 'yan makwabta muna carabke da duwatsun da muka tsinto a ƙorama.

Amma hanyar lakwal tana da nata karatun. Na san garin Agadez da hanci kafin in san shi da sunayen unguwanni. Da safe ƙamshin taburin mai kafe ne ke fara tarbar mu, inda ma'aikata ke tsoma burodi cikin kafe da madara, ƙwai na soyuwa a kasko. Gaba kaɗan ga masu tsire suna hura gawayi. Kusa da tasha miyar Tanti Afi ke tashi, albasar Tabelot na soyuwa cikin mai har ta biyo ka cikin aji. Akwai kuma wani shago mai shuɗiyar ƙofa, na wani Sidi, inda firigo ke gurnani, ana sayar da galas, wato madara mai sukari da aka daskarar, Turawa masu yawon buɗe ido na zaune a inuwa suna lasa da ƙaramin cokali. In an fita hutun tsakar rana ni da ƙawayena mukan yi wasan mai restora: a tara yashi ya zama shinkafa, murfin kwalba ya zama faranti, wata ta zama Tanti ta riƙa yi mana tsawa da Faransanci. Ni ce na fi kowa iya yin oda, kuma ni ce ban taɓa zama a irin wuraren ba.

Tanalher makiyayiya ce daga duwatsun da ke bayan Dabaga. Tun zamanin kakata gidanmu ne masaukinsu. Kowace shekara bayan damina takan sauko da jakinta, ɗauke da cukun akuya da man shanu, ta yi kwanaki a ɗakin Inna, ta koma da hatsi da sukari da shayi. Ba saye ba ne, ba sayarwa ba, ba wanda ya taɓa auna na wani. Ta girmi Inna, saboda haka Inna ke ce mata Yaya, ita kuma ta kira ta da sunanta, Azara. Da cukunta Inna ke dama mana fura mai dabinon Bilma ranar Salla. Doguwa ce, mai tafiya kamar ba ta taka ƙasa, kuma ko a gidanmu ba ta ci sai ta juya baya ta ja mayafi kan bakinta.

Sai damina ta ƙi. Awakinmu muka yanka kafin su mutu da kansu, tuwonmu ya koma na jar dawar taimako da ake saukewa daga kamiyo, manyan motocin kaya. Mu dai muna ci, don abin da Baba ke aikowa bai yanke ba. Mutanen daji kuwa suka yi ta kwararowa, suka kafa bukkokin tsumma da kwali a bayan gari. Lokacin soja ke mulki, tun ina goye ma su ne, ko a zaure sai an duba hagu da dama kafin a yi zancen gwamnati. Aka ce umarni ya zo daga sama, kada a bar mutanen bukkoki su riƙa tsayuwa a wuraren cin abinci na tsakiyar gari, wai suna damun baƙi da bara. Sau da yawa na ga masu kaki suna korar su da dorina daga bakin shagon Sidi.

Shekarar nan Tanalher ba ta zo gidanmu ba. Wata mai sayar da itace ce ta gaya wa Inna cewa tana can bayan gari da jikokinta, dabbobinta sun ƙare kaf, ɗan rabon da ake ba ta kuma yara take ba. Inna ta zuba tuwo ta ba ni na kai. Ta karɓe ni da fara'a, ta tambayi karatuna, ta juye wa yaran, ita ba ta taɓa ba. Washegari ma haka. Na dawo na ce wa Inna awarwaronta yana hawa har gwiwar hannu in ta ɗaga shi.

Ranar Lahadin nan Inna ta ɗauko mayafinta na biki, ta ce in zo mu tafi. Muka iske Tanalher zaune a inuwar bukka tana tufkar igiya. Bayan doguwar gaisuwa Inna ta ce, "Yaya, tashi mu je gida."

"Da me zan shiga gidanki, Azara? Uwata ba ta taɓa shigarsa hannu banza ba. Ba daga kaina za a fara ba."

"To na ji. Ba gidana za mu ba. Ni tasha za ni, wajen 'yar Togo, in zauna cikin direbobi. Kuma ba ni tashi sai kin sa hannu cikin kwanona."

"Ke? Kin haukace ne? Me za a gaya wa mijinki?"

"Abin da aka gani."

Inna ta juya ta kama hanya. Tanalher ta biyo mu, tana tafe tana hutawa, tana roƙon Inna ta rufa wa kanta asiri. Ba yunwa ce ta taso ta ba, tsoron kada matar gidan masaukinta ta zama abin zance a gari ne. Haka muka iso bakin labulen Tanti Afi.

Kwano ya zo, shinkafa fara tas, jar miya da nama a sama, tururi na tashi. Ganin Inna ba ta taɓa ba, ni ma na naɗe hannu. Mutane suka fara leƙowa daga tasha. Da Tanalher ta ga idanun sun yi yawa, sai ta shigo ta zauna ta ɓangaren ƙofa, ta buɗe tsohon mayafinta ta kare Inna da shi daga masu kallo. "Tashi mu tafi," take ta faɗa a hankali. Inna ta ce, "Iyakar daɗewarki, iyakar kallon da za su yi mini."

Ana cikin haka wani mai kaki ya ɗaga labule, saurayi ne, da dorina a hannu. Tanti ta rage rediyo. Ya nuna Tanalher da dorinar ya ce, "Ke, waje. Ba ku ji abin da aka ce ba?" Inna ta tura kwanon gabansa kaɗan, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya iske ka kana ci, ta ce, "Bismilla, ɗana." Ya ɗan daburce, bakinsa ya riga shi amsawa da "Alhamdu lillahi," sannan ya ce, "Madam, umarni ne. Masu bara ba su zama nan."

"Masu bara aka ce maka. Mai bara hannunsa a miƙe yake. Wannan yayata ce, hannunta cikin kwanona yake. In za ka fitar da ita, ka fara da ni, ka ratsa da ni kasuwa kowa ya gani."

Ya dubi kwanon. Duk muka dubi kwanon. Ba hannun kowa a ciki. Har yau ina ganin yadda Tanalher ta sauke mayafin da take kare Inna da shi, ta ja shi kan bakinta, ta miƙa siririn hannunta ta dunƙula loma, ta kai ƙarƙashin mayafin. Ba za ta bar Azara ta zama maƙaryaciya gaban mai kaki ba. Inna ma ta ce bismilla ta sa hannu, ta tauna a gaban maza, kai a miƙe. Tsohon direban nan daga waje ya ce, "Kai samari, bar iyayenmu su ci abinci." Saurayin ya ce wa Tanti ta kula da wa take bari ya shigo mata, ya fita. Tanti ta amsa masa da Faransanci, "Wi, shef," sannan ta ɗebo wani ludayin miya ta ƙara mana ba wanda ya tambaye ta.

Loma kaɗan Tanalher ta iya ci ranar nan, cikinta ya manta. Sauran aka juye mata a ƙwarya don yara. Kafin mu kai gida labari ya riga mu. Gwaggo, yayar Babana, ta zo da magariba tana tafa hannu, wai matar ƙanenta ta zubar musu da mutunci a tasha. Inna na tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Mutuncin da zai zauna a ɗaki baƙuwar gidan nan ta mutu a bayan gari, ki ajiye shi, ni ba ni so. Lahadi mai zuwa ma za ni."

Ta kuwa je. Duk wuraren da na sani da hanci, sai da na san su da harshe a bazarar nan. Muka zauna taburin mai kafe, Tanalher ta tsoma burodi tana ƙorafin cewa wannan ba shayi ba ne, ruwan wankin kofi ne. Muka ci tsire a tsaye, abin da ya sa Gwaggo ta yi mako ba ta gaishe mu ba. Kullum kwano guda, kullum sai Inna ta zauna ta ƙi tashi, Tanalher ta ci don ta ɗauke ta daga idon mutane. A hankali ta fara karɓar tuwon da nake kai mata tsakiyar mako, wai gara haka da ta ja wa Azara ƙarin magana. Ranar da muka shiga shagon Sidi, muka zauna kusa da Turawa, ta kai cokalin galas ƙarƙashin mayafi, sanyin ya sa ta runtse ido. Ta juya shi a baki, ta ce, "Wannan madarar ba ta taɓa ganin akuya ba." Sai ta fashe da dariya, ta farko tun zuwanta, Inna na taya ta har da hawaye.

Ruwa ya sauko a daminar nan, mutanen bukkoki suka fara komawa. Tanalher ta tafi ba ta taka zaurenmu ba. Sai da aka shekara, aka sake shekara, wata safiya ina shara na ji sallamarta. Ba jaki, a ƙasa ta zo, da cuku guda ɗaya naɗe a tsumma, bai fi tafin hannuna ba. Ta miƙa wa Inna a bakin zaure, sannan ta cire takalmi ta shigo. Daga ranar Inna ba ta sake ci a waje ba har ta koma ga Mahaliccinta. Allah Ya jiƙan su duka biyu.

Yanzu wuraren cin abinci sun cika Agadez, masu gilashi da fanka, 'ya'yana mata kan ja ni mu je shan galas ranar Salla, ba mai ɗaga kai ya dube mu. Kowa da farantinsa, kowa da cokalinsa, in mutum ya tsaya bakin ƙofa ma'aikaci ne ke fita ya sallame shi tun kafin wani ya ce masa bismilla. Ni dai har yau kwano guda nake cewa a zuba mana, kuma ta ɓangaren ƙofa nake zama, inda zan ga wanda ya tsaya. In yaran sun ce ina ba su kunya, sai in ce da su kakarsu ta riga su jin ta, kuma ba ta tashi ba.