Huji Uku a Kafaɗar Mahaifiyata

Wasu shekaru can baya, kafaɗar mahaifiyata ta dama ta ƙi ta. Tun ina yarinya take sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a kasuwar Kejetia, kullum juya tukunya da ɗora kaya a kai. Ciwon ya fara kaɗan-kaɗan, har ta kai ni ke ɗaura mata ɗankwali da safe, abin da ya fi ciwon kansa ƙona mata rai. Man zafi, ƙaho, tofi, babu wanda ba mu gwada ba.

Daga ƙarshe muka je asibiti. Likitan ƙashi, wani ɗan ƙabilar Asante mai sanyin magana, ya daɗe yana kallon hoton kafaɗar. Ya tambayi yaushe ciwon ya fara, da ko tana da ciwon suga. Ya ce ta ture hannunsa, ta kasa. Sai ya ce jijiya ce ta yage, zai ɗinke ta ta wasu ƙananan huji uku, ya zura kyamara ta ɗaya, ba sai an tsaga kafaɗar ba.

Mma, mahaifiyar tawa, ta tambaye shi da yarensu na Twi, "Zan warke?"

Ya ce, "Maame, ga abin da nake tsammani. A sati na uku za ki ce da ma ba a yi ba, har ki zage ni. Wajen wata na huɗu ciwon zai sake ki, ki ɗaura ɗankwalinki da kanki. Amma ɗora tukunya a kai, kin gama. Jijiyar ta daɗe a yage, naman wurin ya rame."

Ni kuwa na kwana biyu ina bincike a waya, ina jin kaina rabin likita. Na ce masa ai na karanta wasu na komawa garau. Ya yi murmushi ya ce, "Ina fata ki fi ni gaskiya."

Aka yi aiki. Wata rana da hantsi na tarar da ita rungume da hannun tana hawaye, tana cewa, "Allah ya isa tsakanina da mutumin nan!" Na ƙirga kwanaki, sati na uku ne. Da na tuna mata maganarsa, sai kukan ya koma dariya.

Ta ci gaba da motsa hannun yadda aka koya mata, tana cije leɓe. A wata na huɗu, wata Juma'a, na shigo na same ta gaban madubi, ɗankwali a ɗaure, ya karkace gefe guda. Ban gyara mata ba. Tukunya kuwa ta gwada a ɓoye, hannun ya kai kunne ya tsaya.

Da muka koma asibiti ta ce masa, "Dokta, faɗa min gaskiya, duba kake yi?"

Ya yi dariya. "Kafaɗu irin taki na gani da yawa, kuma nakan yi kuskure. Abu ɗaya ne hoton bai nuna min ba: ko za ki jure motsa hannun. Wannan ke kika yi shi."

Har yau abin na ba ni mamaki. Gaibu na Allah ne, na sani. Amma na ga bawan da Allah ya ba ilimi ya kalli hoto baƙi da fari, ya faɗa wa mahaifiyata satin da za ta yi kuka. Tun daga nan, in mai sani na magana, sai in kife wayata in saurara.