Bindigar Dorina a Bikin Gwaggo Halima

Ranar Juma'ar da za a kai Gwaggo Halima ɗakin miji, shekara biyu da hawan sojoji mulki, layinmu a Umdurman ya cika maƙil. Da la'asar dangin ango suka iso, cikinsu har da sojoji biyu, suka ɗaga bindigogin Kalash sama suna ta ɓarin wuta, mata na rangaɗa guɗa. A unguwarmu in dangin ango suka harba, dole dangin amarya su amsa, in ba haka ba a ce yarinya ba ta da maza a bayanta. Mu kuwa gidanmu daga tela sai mai sayar da yaji a kasuwa. Na ga Gwaggo ta sunkuyar da kai cikin mayafi, ni ma kunya ta rufe ni.

Sai ga Kaka ya fito daga ɗaki yana jan bindigar dorina. Tun yana gadin gonakin bakin kogi a Jazira yake da ita, zamanin da dorina ke fitowa ta tattake dawa. Tsawonta ya fi nawa, bakinta kuwa babban yatsan Baba na shigewa har ya yi lilo. Mu jikoki mun san ta sarai, don in mun shayar da awaki mun share tsakar gida, mu ke goge ta da man riɗi, ladanmu a bar mu mu ɗaga harsashin. Ɗaya tak ya rage, kaurin gaɓar rake. Kaka kan ce, "Wannan ba ta da aboki, gaba ta harba, baya ta yi shuri."

Habboba, kakarmu mace, ta sha gabansa. "Malam, ka rufa mana asiri. Harsashin nan ya girmi Halima. In ya ƙi tashi mun zama abin dariya, in ya tashi kafaɗarka ce." Ko kallonta bai yi ba. Ya sa aka jawo angarib, gadon nan na igiya, ya zauna a tsakar fili, ya cusa matashin auduga a kafaɗa, ya saita sama, ya yi bismillah, ya ja kunama. Shiru. Wani daga dangin ango har ya fara ƙyalƙyalewa, ashe tsohon albarushi ne ke nawa.

Da ta tashi, wallahi sai da ƙasa ta amsa. Tantabarun layi suka watse, jakin mai ruwa ya zura da amalanke. Da hayaƙi ya washe, ƙafafun Kaka muka gani a sama, angarib ya kife, rawani can gefe. Sojojin nan ne suka ɗaga shi, ɗaya yana jujjuya bindigar yana girgiza kai. Kaka ya tofar da ƙasa, ya dubi Habboba ya ce, "Sun ji?" Gwaggo ta yaye mayafi tana dariya har da hawaye, aka kai ta kanta a ɗage. Hannun Kaka kuwa bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba har ya koma ga Allah, kuma ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba.

Yau 'ya'yana ko ƙofa ce ta bugu da ƙarfi sai su shige ƙarƙashin gado, don sun ji bindiga a Umdurman ba ta biki ba. Na ba su labarin nan, babu wanda ya yi dariya. Ina kewar lokacin da ƙarar bindiga ke sa mu ruga waje.