Ranar da na hana madara zuba

Kakata ta wajen uwa Bafillatana ce, kuma a gidanta ko ƙwarya ka fasa za a iya yafe maka, amma ban da zubar da nono. In ɗigo ya faɗi ƙasa sai ta dangwala da yatsa ta shafa a goshi, ta bi ka da harara har yamma. Da wannan tarbiyya na zo birnin Greensboro, nan ƙasar Turawa, da ita kuma na tafka abin kunyar da har yau in na tuna sai na rufe fuska.

Lokacin muna haya a unguwar Glenwood, cikin ƙananan tsofaffin gidajen nan da ɗalibai suka cika. Maƙwabciyata 'yar Sri Lanka ce, tana zaune da mijinta da mahaifiyarta. Ni ko sunan ƙasar ban taɓa riƙewa ba, sai da ta nuna mini taswira a waya. Tsibiri ne kudu da Indiya, teku ta kewaye shi ta ko'ina, bakin ruwan duk itatuwan kwakwa. Su kuma daga tsakiyar ƙasar suka fito, inda duwatsu ke da sanyi da hazo, gonakin shayi sun rufe gangare. Na ce mata ashe duk shayin da na taso ina sha, ban taɓa tambayar kaina inda ganyen yake tsirowa ba.

Da na haihu cikin hunturu, mahaifiyata ba ta samu biza ba. Maigidana yana fita aiki da asuba, ni kuwa in zauna da jaririya in yi ta kuka ba dalili. A rana ta uku tsohuwar nan, mahaifiyar maƙwabciyata, ta ƙwanƙwasa ƙofa da kwano a hannu. Wani kunu ne kore shar, na ganye da shinkafa da madarar kwakwa. Na ɗauka ba zai shawu ba, sai ga ni ina suɗe cokali. Haka ta riƙa zuwa kowace safiya har na yi arba'in, ta yi wa yarinya wanka, ta shafe ta da man kwakwa, ta tura ni ɗaki da hannu in kwanta. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarensu, amma ban taɓa rasa gane faɗanta ba. Mama nake ce mata, kuma ba ni da wata uwa a ƙasar nan sai ita.

Bayan shekara biyu suka sayi gida a Pleasant Garden, gidansu na farko tun zuwansu. Maƙwabciyata ta gayyace ni tarewa, ta ce lallai in iso kafin ƙarfe tara da minti goma sha biyu na safe. Na yi dariya, don a wurinmu in an ce tara, sha ɗaya ake nufi. Duk da haka na yi ƙoƙari, na isa ana daf da lokacin.

Ina fitowa daga mota na hango su tsaye a ƙofar gida, kowa ya haɗa tafin hannu. A gabansu an jera bulo uku an hura itace, an ɗora sabuwar tukunyar ƙasa, irin murhunmu sak. Madara ce a ciki, ta taso ta yi kumfa har wuya, kuma ba mai motsi. Na ɗauka addu'a ce ta ɗauke musu hankali. Ban yi wata-wata ba na ruga, na naɗe hannu da gefen mayafi, na sauke tukunyar ina hura ta.

"Alhamdulillahi," na ce, "ko ɗigo bai zuba ba!"

Mama ta dubi tukunyar, ta dube ni, ta juya ta shige gida.

Maƙwabciyata ce ta ja ni gefe ta yi mini bayani, muryarta a sanyaye. A al'adarsu, in za a shiga sabon gida sai an tafasa madara a sabuwar tukunya har ta tumbatsa ta zuba, alamar arziki zai cika gidan ya yi ambaliya. Lokacin ma ba da ka aka zaɓe shi ba, Mama ce ta aika gida aka lissafo mata shi. Yanzu ya wuce. An mayar da tukunyar kan wuta don kada a tashi haka nan, madarar ta zuba, amma Mama ba ta fito ba.

Da na ba maigidana labari, dariya ya yi har da riƙe ciki. "Ke dai Hajiya ba a raba ki da shiga sharo ba shanu. Wa ya ba ki kwangilar gadin tukunya? Ki kira ki ce sori, shi ke nan."

Na kira, ba sau ɗaya ba. Kullum 'yarta za ta ce Mama tana hutawa. Ni Musulma ce, na san arziki na Allah ne, ba a tukunya yake ba. Amma da na ji injin ɗumama gidan nasu ya lalace, sannan Mama ta zame a banɗaki ta bugu a gwiwa, sai hankalina ya tashi, don na san abin da take ayyanawa a ranta. Tsoro nake ji kada ta riƙa ganin fuskata a duk wata masifa da ta shigo gidan. Na yi kewarta ƙwarai, na kuma ji haushin hannuna.

Wata uku ana haka, sai ga kira a watan Afrilu. Maƙwabciyata ta ce sabuwar shekararsu ta zo, ana sake tafasa madara, kuma Mama ta ce in zo. Ta faɗa mini lokaci da mintinsa. Awa guda kafin nan ina ƙofar gidan, zaune cikin mota kamar mai jiran hukunci.

An jera bulo, an hura wuta. Na laɓe can baya kusa da shinge. Mama ta fito tana ɗingishi cikin farin zane, ta ratsa mutane har inda nake, ta jawo ni gaban murhu. Sai ta kama wuyan hannuwana biyu ta riƙe gam. Madara ta fara tasowa, kuma wallahi jikina da kansa ya zabura. Mama ta ƙara damƙe ni, na ji kafaɗarta tana rawa, ashe dariya take yi. Kumfa ya haye bakin tukunya, ya gangaro ta kowane gefe, ya sauka kan garwashi yana cuu. Ina kallo, hawaye na zuba, ba hannun sharewa.

Daga baya aka kawo shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, an yanka ta gunduwa-gunduwa. A ranar, babba ne ke ba 'yan gida lomar farko da hannunsa. 'Yarta ta matso ta buɗe baki. Mama ta ɗaga mata hannu ta dakata, ta juyo ta fara sa mini.